Gaban gidanmu na gado ya tsufa, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Cikin Birni:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini. Gidanmu na gado ne a cikin birnin Kano, kakanmu ya gina shi da tubali da ƙasa, daga baya wajen 1985 Baba Allah ya jiƙansa ya sa aka yi masa filastar siminti ta waje aka shafa fenti. Ciki dai alhamdulillah mun gyara ɗakuna da kaɗan da kaɗan, amma gaban gidan wallahi in na dawo daga kasuwa na hango shi sai raina ya ɓaci, filastar ta kumbura wani wajen ma ta ɓanɓare kana ganin jar ƙasa, gindin bangon kuwa har wajen gwiwa ya yi baƙi ga wani fari-fari kamar gishiri, zanko ɗaya ya karye tun daminar bara, indararon ya lotse ruwa a jikin bango yake bi, dakali duk ya farfashe. Maƙwabta hagu da dama sun yi tayil da get mu ne kawai a tsakiya.

Ga bikin ƙanwarmu nan da wata huɗu. Yayana ya ce a rushe zauren a sa get a huta, Hajiya kuma ta ce in dai tana numfashi ba mai taɓa zauren da mijinta ya yi shekara da shekaru yana biya wa mutane karatu. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Fenti zan sa a watsa kawai ko yaya?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka sayi ko galan ɗaya na fenti yanzu, asarar kuɗi ce. Duk abin da ka lissafa ciwo ɗaya ne, ruwa. Ta sama indararo yana zubo shi a bango, ta ƙasa gindin gini yana tsotsa, wannan fari-farin gishirin ƙasa ne da laima take turowa waje in ta bushe ta bar shi a nan.

Ita kuma filastar da marigayi ya yi da kyakkyawar niyya ya yi, lokacin kowa haka yake yi, amma siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitarwa, siminti kuma ya toshe masa hanya, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita sai ya dinga cin ƙasar ta ciki kai kana ganin waje lafiya lau. Ka ɗauki guduma ƙarama ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga to ya rabu da ƙasa, a sauke shi tun kafin ya faɗo wa yaran unguwa.

Ka fara da hawa soro ka duba rufin da bakin azara, in gara ta ci ko ta ruɓe to wannan ya fi komai gaggawa. Sai indararo, a sa mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Sai kwatar ƙofar gida, a yashe a gyara mata gangare. Gindin bangon a yi masa ɗauri na bulo ko dutse. Bayan nan ne ake maganar yaɓe. Mu da muka koya wajen iyayenmu makuba muke sawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin karofi, kuma suna riƙe ruwan sama sosai, illa dai sai ana sabuntawa. In kuma dole sai siminti, to a kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna kuma kar a cika masa ƙarfi, yashi biyar zuwa shida siminti ɗaya, a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda. Wanda ya ce maka zai liƙa tayil a kan wannan bangon yadda yake, gyaran gangar auzinawa zai yi maka.

Na Hotoro:
Ni fa gaskiya ina bayan yayanka. Baba Magini ya faɗi gaskiya kan ruwa ban musa ba, amma ginin ƙasa ɗawainiya ne ba ya ƙarewa, duk shekara biyu uku kana neman mai yaɓe kuma masu iyawar ma yanzu nawa suka rage? Mu namu rushe gaban muka yi muka tayar da bulo, shekara takwas kenan ban sake kashe ko sisi ba sai fenti, ga wajen ajiye mota. Ku lallaɓa Hajiya kawai.

Maman Yara Damagaram:
Haba Na Hotoro, lallaɓa ta a yi me? Tsohuwa ta faɗi abin da ke ranta, mota kuma shi bai ce yana da ita ba, lungun cikin birni ma wace mota ke shiga. Ɗan uwa ka ji ni, zauren nan shi ne kyan gidanku ba shi ne aibinsa ba. Nan Zinder unguwar Birni mutane daga nesa suke zuwa kallon gaban gidaje saboda zanen da ke jikinsu, tsohon garin Agadas kuwa a 2013 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, kuma da ƙasa aka gina shi har hasumiyar masallacin. Kai da kake Kano ma ba sai ka yi nisa ba, ka je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ka tsaya ka kalli zankwaye da bakin ƙofa, ka ɗauko hoto a waya ka nuna wa maginin da zai maka aiki.

Mu da muka gyara na mahaifina ba mu kashe wani abin kirki ba, zankwayen aka mayar, aka yi dagi a saman ƙofar zaure, ƙofar katakon ta da aka goge ta aka shafa mata mai maimakon a jefar, dakali aka sake, aka sa fitila mai sola guda ɗaya. Har yau in magariba ta yi tsofaffin layin nan suke zama. Abu ɗaya da na yi nadama, maina muka dasa dab da bango saboda inuwa, saiwarta ta ɗaga daɓen ƙofar gida, in za ka yi shuka ka ja ta nesa.

Mai Fenti:
Ni abin da zan ƙara kan fenti ne tunda sana'ata ce. Sabuwar filasta ana barinta kamar sati huɗu ta bushe kafin a taɓa ta, in ka yi gaggawa saboda biki kafin amarya ta tare ya fara ɓawo. Kar a sa fentin mai a bangon, shi ma toshewa yake kamar siminti, a bar shi wa ƙofa da taga. Fari sol kuma yana da kyau ranar farko amma hunturu ɗaya ya ishe shi, ka zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan madara, gindin a yi shi da launi mai duhu saboda fallatsin taɓo da hannun yara. Fenti mai gurji-gurjin nan ma ƙura yake riƙewa. Kuma kar a fara aikin sai ruwa ya ɗauke bangon ya sha iska.

Ɗan Cikin Birni:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba Magini jiya bayan la'asar na bi bangon da guduma kamar yadda kuka ce, wallahi fiye da rabi ganga ne, na hau soro kuma na tarar bakin azara biyu ta wajen indararon sun yi laushi har yatsa yana shiga, abin da ban taɓa lura ba kenan sai gabana ya faɗi saboda a ƙarƙashin nan yara suke karatun dare. Na nuna wa Yaya da idonsa, yanzu ya yarda kuɗin get ɗin a sa a rufi da kwata, zaure yana nan, Hajiya har da hawaye. Fenti in bai samu kafin biki ba a yi bikin a haka. Yara na mayar da su tsakar gida tukuna.

Baba dan Allah in akwai wanda kuka sani da har yanzu yake aikin makuba a Kano ko kewaye ku turo min ta akwatin saƙo, ranar Asabar nake so a zo a duba azarar.