Lambar zubi da lambar bugu: neman sunan lambobin jikin injin

1/ Jama'a, a taya ni gyara. Masu harkar tsofaffin motoci suna da kalmomi biyu, casting number da stamped number, mu kuwa duka "lambar injin" muke ce musu. Lambar injin ta isa wajen cike takardun mota, amma ba ta isa ba idan ana son a san inda aka ƙera injin da motar da aka fara ɗora shi a kai.

2/ Uwar ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinta, makanikai bulok suke cewa. Kalmar ta zauna, ban ga dalilin korar ta ba. Wanda ke son Hausa zalla ya ce gangar injin, kamar gangar jiki.

3/ Lamba ta farko tun ƙarfe yana narke ake yin ta. Tana cikin mazubin, saboda haka in bulok ya huce sai ta fito a tashe, ka shafa da yatsa ka ji tudunta. Ita nake so mu kira lambar zubi. A ƙaramin injin V8 (mai silinda takwas) na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, tana can baya ta gefen direba, dab da inda giyabos ke haɗuwa da injin, galibi baƙin mai da ƙura sun binne ta. Sananniya a ciki ita ce 3970010. Daga 1969 har ƙarshen shekarun 1970 an yi ta zuba bulok mai wannan lamba, an yi injin 302 da shi, an yi 350 (girman injin ke nan a inci kubik), an sa a motar tsere, an sa a a-kori-kura. Ashe dangi take faɗa, ba ta nuna injin ɗaya tilo.

4/ Akwai kuma ranar zubi, ita ma a tashe. Harafi shi ne wata: A Janairu, B Fabrairu, haka har L. C 12 9 na nufin 12 ga Maris na shekarar da ta ƙare da 9. To 1969 ce ko 1979? Zubi ya yi shiru a nan.

5/ Ta biyun ce ke raba gardama. Bayan an haɗa injin, sai a buga ta a wani ɗan fili mai santsi da ke gaba ta gefen fasinja, haruffan su lotsa ciki. Lambar bugu ke nan. A ce ka ga V0318DZ. V masana'antar Flint ce a jihar Michigan ta Amurka. Kafin 1967 F suke sawa, T kuma ta masana'antar Tonawanda ce a jihar New York. 0318 ranar haɗawa, 18 ga Maris. DZ kuwa injin 302 ne na motar Chevrolet Camaro Z/28 ƙirar 1969, haruffa biyun da ke ɗaga kuɗin mota sama. Kusa da ita sukan buga guntun lambar shasi, wadda ke ɗaure injin da motarsa. Sannan a duba tsari: dole ranar zubi ta riga ranar bugu. In ka ga an haɗa injin kafin a zuba shi, akwai lauje cikin naɗi.

6/ Wani ya kawo shawarar a ce wa lambar bugu tsaga, wai kamar tsagar gado da ke nuna asalin mutum. Ta burge ni ƙwarai, sai dai je ka ce wa mai saye "bulok ɗin yana da tsaga" ka ga ko zai tsaya jin sauran bayani. Hatimi ma an ambata. Shi kuma takarda da tawada yake kawo wa mutum a rai.

7/ Abin da ya sa na nace a raba sunayen: bugu yana gogewa. In aka kankare saman bulok don ya daidaita, lambar takan tafi, 'yan damfara kuma su buga sabuwa. Shi ya sa ƙwararru ke haska fitila suna neman siraran layukan da injin yankan masana'anta ya bari a wurin. Zubi ya fi wuyar sauyawa nesa ba kusa ba.

8/ Ford na da nasa salo. A C8AE-6015, C shekarun 1960 ne, 8 kuma 1968, 6015 na nufin bulok. Amma shekarar da aka tsara ƙirar ce, mai yiwuwa zubin ya zo daga baya.

9/ Saura matching numbers, wato motar da har yau injin da ta fito da shi ne a jikinta. Na so in ce injin asali, amma a kasuwa asali ya koma kishiyar jabu kawai, injin wata motar ma asali ne. Na fi karkata ga injin haihuwa. Malamai da makanikai, ya zauna muku a baki ko kuna da wadda ta fi?