Autana bai iya rubuta 1 zuwa 50 ba, an ce yana baya

Maman 'yan uku, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Autana shekararsa 3 da wata 8, yana naziri nan kusa da mu. Kullum sai an haɗo shi da aikin gida, a rubuta 1 zuwa 50. Jiya bayan magariba na riƙe masa hannu muna yi, ga sanyin Jos, yatsunsa kamar ƙanƙara, muna kaiwa 14 ya kifa kai a kan littafin ya fashe da kuka. Antinsu ta ce shi ne na 19 cikin 23, wai in sa shi lesin. Yaron nan fa surutu kamar aku, ya san kalar kowane kofi a gidan. Don Allah me ake so ɗan wannan shekarun ya iya?

Tsohuwar malamar naziri, Bukuru:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Hannu ma yana da lokacinsa. Yawanci ɗan shekara 3 da'ira yake iya kwaikwaya, a 4 ya yi alamar tarawa, sai wajen 5 zuwa 6 yake iya zana mai kusurwa uku. To dubi 4 da 7, ai duk karkataccen layi ne a jikinsu. An ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Ni da nake aji, abin da nake dubawa daban ne. Yana faɗa in fitsari ya matse shi? Yana jan zif ɗin rigar sanyinsa da kansa? Zai iya jiran layi a wajen lilo ba tare da ya ciji ɗan wani ba? In na yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, zai gaya min wa ya cuci wa? Ƙirga kuwa, haddar 1 zuwa 50 waƙa ce kawai. Ki zube dankali biyar ki ce ya miƙo miki uku. In ya ba ki uku cif, ya fi wanda ke rera ɗari bai san me take nufi ba.

Kuma tun 1907 da Maria Montessori, malamar yara 'yar Italiya, ta buɗe ajinta a birnin Rum, ɓalla maɓalli da zuba ruwa da shara yaranta ke koyo. Yanzu sunanta kawai ake mannawa a allon ƙofar makaranta.

Baban yara, Rikkos:
Malama, gaskiyarki, amma mu iyaye ma da laifinmu. In ka biya kuɗin zango ka buɗe jaka ba ka ga rubutu ba, sai ka ce wasa kawai ake yi, ka cire yaro. Ni na taɓa yin haka. Sannan makarantun kuɗi da yawa sai sun yi wa yaro gwajin rubutu kafin aji ɗaya, alhali a tsarin ƙasa shekara 6 ake shiga firamare. Shi yana da sama da shekara biyu a gaba.

Ma'aikaciyar jinya, Nasarawa Gwong:
Abin da zai sa ki je asibiti shi ne in baƙo ba ya gane yawancin maganarsa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko ya daina abin da ya iya a da. Mai surutu irin naki ban ji wannan a tattare da shi ba. Ki ba shi yumɓu ko ƙullin fulawa ya yi ta murzawa, ya tsinci wake, shi ke ƙarfafa yatsu.

Maman 'yan uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada na dankalin, na ce uku, ya kawo uku, ya ɓoye ɗaya a aljihu wai na kyanwa ne. Lesin dai na fasa. Litinin zan je in ga shugabar makarantar a kan aikin gidan nan, babansu ya ce in bi a hankali kar a tsangwami yaro.