Kumburin furostet: akwai abin da mutum zai iya yi a gida?

Baban_Ummi:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 43, adaidaita sahu nake ja tun safe har bayan isha'i. Wajen wata biyar kenan ina fama da wani ciwo can ƙasa tsakanin maraina da dubura, kamar na zauna a kan dutse, wani lokacin ya hau har mara da ƙugu, fitsari kuma da zafi-zafi ga shi ba ya fita da ƙarfi, da daddare sai na tashi sau uku ko huɗu, in na kusanci iyali ma sai na ji ciwon bayan nan. Na je asibiti likita ya duba ya ce kumburin furostet ne ya rubuta min wani antibayotik mai suna Cipro, na sha kwana goma na ji sauƙi na ajiye, bayan sati uku abu ya dawo. Daga nan na sayi wani na gargajiya wajen masu mota da lasifika, suka ce ai sanyi ne, jarka ɗaya na shanye ban ga komai ba sai gudawa. Wallahi abin ya dame ni, ko sallah tsarki na ba ni wahala saboda ɗigon da ke biyo baya. Wanda ya san abin da ake yi a gida ya taimaka.

Dattijon_Fagge:
Wa'alaikumus salam ƙanina, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na yi irin wannan, ni tela ne, zaman keke ne ya ja min. Abin da ya fi yi min amfani ba kuɗi ake kashewa ba, ruwan ɗumi ne. Ka samu babbar roba irin ta wanki, ka zuba ruwan da in ka tsoma gwiwar hannu za ka iya jurewa, ba mai ƙuna ba, ya kai inda zai rufe maka ƙugu, ka zauna ciki kamar minti 15 zuwa 20, da safe kafin ka fita da kuma dare kafin ka kwanta. Ni a banɗaki nake ajiye butar shayi da ruwan zafi a gefe, in ya fara hucewa na ƙara kaɗan. Za ka ji wurin ya saki, fitsarin ma ya fi fita bayan nan. Kada ka sa komai a ciki, ba Dettol ba kanwa, ruwa zalla.

Sai kuma abin da na san ba za ka so ji ba tunda direba ne kai: goro da shayi. Ni a da goro uku nake ci a wuni ga shayin mai shayi safe da yamma, da na bari sati biyu kacal tashin daren ya ragu sosai. Yaji ma haka, musamman na tsire da ɗanwake. Sannan kujerar adaidaitan nan ka samo mata matashi mai laushi, in da hali mai rami a tsakiya, kuma duk awa ɗaya ko biyu ka sauka ka ɗan taka ko da wajen jiran fasinja ne.

Sadauki_Gusau:
Malam ka nemi 'ya'yan kabewa ka soya sama-sama kana ci kamar gyaɗa, ka haɗa da man habbatus sauda da zuma cokali ɗaya da safe, ka yawaita albasa da tumatir da zogale a abinci. Yayana shi yake yi kuma yana cewa yana jin daɗinsa. In sha Allahu za ka dace.

Nas_ta_Zariya:
Sannu Baban Ummi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninka shi ne kwana goman nan. Furostet wata 'yar tsoka ce kamar girman goro a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ta tsakiyarta ya ratsa, shi ya sa da ta kumbura fitsari ke samun matsala, kuma magani ba ya shigarta da sauƙi kamar sauran jiki. Saboda haka in ƙwayar cuta ce ta daɗe a ciki, sati 4 zuwa 6 ake shan antibayotik, jin sauƙi ba warkewa ba ne. Amma dan Allah kada ka je kemis ka sake sayo Cipro da kanka, ka koma a yi maka kalca na fitsari a ga ko akwai ƙwayar cutar da kuma wane magani ke kashe ta, domin mafi yawan masu irin ciwonka, kusan tara cikin goma, ba a samun ƙwayar cuta ko kaɗan, naman ƙugu ne da jijiyoyin wurin ke ɗaurewa, su kuma ko buhun antibayotik suka sha ba zai yi ba. Irin su ne shawarar Baba Dattijo ta fi yi wa aiki, ruwan ɗumi, tashi daga zama, barin goro da shayi da kofi, rage damuwa da samun barci.

Zan ƙara da biyu. Kada ka rage shan ruwa don gudun fitsari, direbobi da yawa haka suke yi, fitsarin sai ya yi kauri ya ƙara zafi, ka sha sosai da rana sai ka rage daga magariba. Kuma ka kula da bayan gida, in ciki ya ɗaure yunƙurin yana danna furostet ɗin, to ganye, kuka, kuɓewa, gwanda, wake, duk su taimaka.

Maganar Sadauki, 'ya'yan kabewa da albasa da tumatir abinci ne mai kyau, ka ci, ba za su cutar da kai ba, sai dai ba sa kashe ƙwayar cuta. Akwai sinadarin kuwasetin da ke cikin albasa wanda wani ƙaramin bincike a Amurka a 1999 ya nuna yana rage ciwon, amma ƙwaya aka ba su ba albasar miya ba. Saw palmetto, maganin furostet na 'ya'yan wata bishiya da ake tallatawa da tsada kuwa, manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka, 2006 da 2011, sun nuna bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, kuma ma a kan girman furostet na tsufa aka gwada shi, wanda daban yake da naka. Na jarka kuwa ka bar shi, ba ka san me ke ciki ba balle awo, ƙoda ce ke ɗaukar nauyin. Haka ibuprofen da dikulofenak, suna rage ciwon amma ba na kullum ba ne, in kana da olsa ma kada ka taɓa.

In ka koma ka ce a duba suga, shi ma yana sa tashin dare. In ka taɓa fitsarin jini ko ka yi wanka a kududdufi da rafi ka faɗa, a duba tsargiya. In an samu ciwon sanyi na gaske irin na saduwa to kai da iyali za a yi wa magani tare, ba abin kunya ba ne. Kuma in sun yi maka PSA, wato gwajin jini na furostet, ka ga ya hau kada hankalinka ya tashi ka ce kansa ce, kumburi kansa yana ɗaga shi, sai a maimaita bayan ka samu sauƙi. Tunda da alama a Kano kake, asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin mafitsara, ka nemi a tura ka can.

Maman_Sadiq:
Ni dai abu ɗaya zan roƙe ka yayana. Mahaifinmu haka ya yi ta jiƙe-jiƙe a gida yana ɓoye mana saboda kunya, ran nan ya sha maganin mura da daddare, da asuba fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura ta yi tauri kamar tulu, dattijo yana gumi yana riƙe bango, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Sai da aka sa masa robar fitsari, likitan ya ce wasu magungunan mura suna riƙe fitsari ga mai matsalar furostet. To in ka ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko jini, kada ka tsaya dafa ruwa, ko ƙarfe nawa ne a kai ka asibiti.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya likitan ya ce na dawo bayan na gama maganin, ni ne ban koma ba. Jiya da daddare na gwada ruwan ɗumin kuma sau biyu kawai na tashi. Goron ne zai yi wuya don shi ke hana ni gyangyaɗi a kan hanya, amma yau ɗaya na ci. Litinin in sha Allahu zan ajiye mashin na je na yi kalcan. Anti Nas, fitsarin farko na safe ake kaiwa ko kowanne ma ya yi?

Nas_ta_Zariya:
Na safe ya fi. Ka karɓo kwalbar lab tun kafin ranar, ka wanke gabanka da ruwa, ka bar na farkon ya zuba sai ka tari na tsakiya, ka kai musu cikin awa ɗaya ko biyu. Kuma kada ka sha wani antibayotik daga yanzu har a ɗauka, yana ɓoye ƙwayar cutar.