Me za mu kira hydronephrosis na masu juna biyu?

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a wurin malaman asibiti, ungozomomi da masu nazarin Hausa. Mace za ta dawo daga birni da takardar hoton ciki an rubuta hydronephrosis, ta miƙo maka a ƙaramin asibiti nan ƙasar Kura, ta ce, "Malam, me suka gani?" Maigidanta na tsaye a bakin ƙofa. Duk abin da ka faɗa, shi za a kai wa uwar miji da dangi.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙoda tana da siririn bututu mai saukar da fitsari zuwa mafitsara. Ciki na girma, mahaifa na danne shi, sinadarin jiki na goyon ciki kuma yana sa shi ya saki. Sai fitsari ya riƙa sauka da ƙyar, ya taru a sama. Kamar a taka tiyon ban-ruwa ne: ruwa na fita, amma bayan ƙafa ya cika. An fi ganin haka daga mako na 20, kuma an fi samun sa a dama, don can mahaifa take karkata. Mata da yawa ba su ma san suna da shi ba, yakan warware 'yan makonni bayan haihuwa.

Wasu na cewa "kumburin ƙoda". Ban yarda da shi ba. Da zarar an ambaci ƙoda da kumburi, hankalin mutane ya tafi wankin ƙoda, a shiga kuka tun ba a ji sauran bayani ba.

"Toshewar fitsari" kuwa mun riga mun ba dattawan da fitsari ya ƙi fitowa. Matar za ta ce, "Ai ni ina fitsarina lafiya lau," ta ɗauka takardar wata aka ba ta.

Wani malami ya kawo "ruwa a ƙoda", wai haka asalin kalmar take a Girkanci. Gaskiya ne, amma wannan ya fi ba ni tsoro. Mai ciki ta ji ruwa ya yi mata yawa, sai ta rage sha, alhali ruwan ne ake so ta ƙara, balle da zafin bazara.

"Kwanciyar fitsari" ya yi daɗin faɗa, sai wata tsohuwar ungozoma ta ce, "Ɗan nan, wace matar aure za ka gaya wa haka a gaban mijinta? Fitsarin kwance zai ji." Wannan ma ya faɗi.

Ni dai na tsaya a kan "taruwar fitsari a ƙoda". Bai da tsoratarwa, bai da kunya, kuma da kansa yake buɗe maganar haɗarin: fitsarin da ya taru, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama, galibi E. coli. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada fitsarin mai ciki a wurin awo, in an ga ƙwayoyin a ba ta magani na kwana 7 ko ba ta jin komai. Idan suka hau ƙoda, sai zazzaɓi mai rawar ɗari, amai da ciwon kwiɓi. A ƙauye maleriya za a ce, ko a jefa shi cikin "ciwon sanyi", a tafi kemis. Can kuma akwai magunguna irin su tetracycline da ba a ba mai ciki. Wannan mataki na iya kawo naƙuda kafin lokaci, na iya lalata jini. Sunansa a wurina "taruwar fitsari mai zazzaɓi", kuma ba a kwana da shi a gida. Mu da ke kusa da kanal, a tambayi matar ko ta taɓa yin tsargiya, don ita ma tana ƙuntata bututun.

Saura ɗaya. Idan magani da kwanciya a ɓangaren hagu ba su wadatar ba, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano akan zura siririyar roba daga mafitsara zuwa ƙoda don hanya ta buɗe. "An sa mata roba" a wurinmu ta mafitsara ce mai jaka a waje. Ita wannan a ciki take zama, kuma dole a koma a canza ko a cire ta. Mutanen Haɗeja da Birnin Kudu, me kuke ce mata?