Yaya ake kare yankin teku daga gurɓatar da ke gangarowa daga tudu?

Ina cikin masu tsara kundin kula da wani keɓaɓɓen yankin teku, kuma aikin ya cije mini. Mun hana kamun kifi a kan murjani, amma kogi yana kwararo laka da takin zamani daga gonaki, har ruwan ya dagule, ciyawar tekun da ƙananan kifaye ke girma a cikinta tana mutuwa. Ikonmu kuwa ya tsaya a bakin gaɓa. Ostareliya ma, da ta faɗaɗa wuraren hana kamun kifi a Great Barrier Reef, babban yankinta na murjani a teku, zuwa kusan kashi 33 cikin ɗari na yankin a 2004, gurɓatar koguna ba ta bar ta ba. Don Allah, ta wace hanya ake shigar da manoma da hukumomin tudu cikin irin wannan tsari?