Wai a yi bikin wasannin da aka haramta

Ɗan Fagge: Ni fa abin nan ya ishe ni. Gwamnati ko kamfani da zarar wasan bidiyo ya ɓata musu rai sai a toshe shi. A 2019 wani kamfanin Taiwan ya saki Devotion, ko mako bai cika ba aka janye shi daga Steam, kasuwar wasanni ta intanet, saboda an hango wata takarda a ciki da ke yi wa shugaban China ba'a. Indiya ta rufe PUBG Mobile a 2020. Shawarata mu ware mako guda mu yi bikin wasannin da aka haramta, kowa ya buga ɗaya.

Mai Carbi: Gyara maganarka, ɗan'uwa. Haramta? Allah ne ke haramtawa. Gwamnatin Indiya hanawa ta yi.

Ɗan Fagge: Haba Malam, kullum a rediyo ana cewa gwamnati ta haramta acaɓa, ba ka taɓa kiran waya ka yi gyara ba.

Mai Carbi: Kuskuren 'yan jarida ba hujja ba ne.

Uwar Biyu: Ni kam da haramtawa da hanawa duk ina so. Ku zo ku ga yarona ƙarfe biyun dare, waya a ƙarƙashin bargo, yana raɗa "ku zo ku tashe ni, sun harbe ni". China ta yi daidai a 2021 da ta ƙayyade wa yara awa uku na wasan intanet a mako.

Sojan PUBG: Hajiya, da girmanki, wannan aikin karɓe waya ne, ba na gwamnati ba. Kuma Indiya rigimar iyaka take yi da China, shi ya sa ta rufe manhajoji 118 a rana ɗaya. A 2021 wasan ya dawo da sunan BGMI.

Mai Carbi: To ga tambaya. A 2008 Sony ta ɗage sakin LittleBigPlanet ta janye faya-fayan saboda akwai ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙa. Shi ma tsohon faifan za ku yi wa biki?

Ɗan Fagge: Wannan daban ne.

Mai Carbi: Ashe kai ma kana da naka haramun.

Ɗan Fagge: Ka ga, kai ma ka ce haramun!

Baƙin Zaki: Ni dai da za a rufe PUBG gaba ɗaya ba zan yi kuka ba. Wasan da rabin lokaci kwanciya ake a cikin ciyawa. Call of Duty ne wasan maza.

Sojan PUBG: Ji mai magana. Wayarka ce ba ta ɗauka, ka fito ka faɗi gaskiya.

Baƙin Zaki: Turo lambar ɗakin wasa yau da dare mu gani.

Uwar Biyu: Ba da yarona ba wallahi.

Shugaban zaure: To jama'a, a taƙaice dai an amince cewa "hanawa" ita ce kalmar da ta dace, kamar yadda Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Maganar biki ba ta samu goyon baya ba. An kuma fahimci 'yan Call of Duty hassada ke damunsu.

Ɗan Fagge: Wa ya amince? Kai da Malam unguwarku ɗaya. Kuma har yanzu ko mutum ɗaya bai ce uffan kan Devotion ba.

Baƙin Zaki: Ana buga shi a waya?