Me ke tura iskar manyan jajayen taurari?

Hadiza_Fizik: Assalamu alaikum. Wani abu ya ɗaure mini kai tun daren jiya. Iskar rana na gane ta: korona, wato shimfiɗar gas ta can wajen rana, zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya, gas ya fi ƙarfin riƙo, sai ya fice da gudun kusan kilomita 400 a sakan. To amma tauraro irin Mira, da zafin fuskarsa bai fi digiri 3,000 ba, me ke fizgar gas daga jikinsa? Ga shi yana zubar da nauyi ninki miliyoyi fiye da rana!

Malam Garba: Wa'alaikumus salam 'yata. Fara da girmansa. Tauraron ya kumbura ƙwarai, ƙarfin jansa a can waje ya yi rauni. Sannan yana numfashi, ya kumbura ya saɓe, Mira kan yi haka duk kwana 332. Kowane bugu yana cilla gas sama, ya yi nisa ya huce, sai ya daskare ya zama ƙura. Hasken tauraron ya doki ƙwayoyin ƙurar ya tura su waje, su kuma su ja gas su tafi da shi. Tafiyar hawainiya ce, wajen kilomita 10 a sakan, amma kayan da take kwasa ba kaɗan ba. A 2007 na'urar hangen sararin samaniya ta GALEX ta hango wutsiyar da Mira ya bari a baya, tsawonta tafiyar haske ta shekara 13.

Injiniya_B: Malam, a yi mini afuwa, wannan ya fi zama daidai a taurari masu yawan kabon, don ƙurarsu baƙa ce, tana shan haske. Masu yawan oksijin ƙurarsu silikat ce, haske na ratsa ta kamar gilashi. Masaniyar taurari Susanne Höfner ta kawo mafita a 2008: in ƙwayoyin suka yi girma kusan maikron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), suna watsa hasken, turin ya wadatar.

Malam Garba: Gaskiyarka, na yi gaggawa. Kuma taurari irin su Arcturus ba su da ƙurar kirki, a nan an fi jingina abin ga igiyoyin maganaɗisu na Alfvén.

Hadiza_Fizik: Na gode Malam. Ashe dusashewar tauraron Betelgeuse a ƙarshen 2019 ma ƙurarsa ce ta tare mana shi. Ni kuwa lokacin kullum ina leƙa sama ina jiran ya fashe.